Kallon jirgi a Legas da tsofaffin jiragen da ake yi wa ritaya: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum jama'a. Ni a Agege na tashi, kuma duk wanda ya taɓa zama a Agege ko Dopemu ko Mangoro ya san yadda hira take tsayawa cak in jirgi ya zo wucewa, mai shayi ya yi shiru, mai amsa waya ya ce "ɗan riƙe, jirgi ne", sai ya wuce sannan a ɗora daga inda aka tsaya. Yawancin mutane sun saba har ba sa ji. Ni kam har gobe in na ji rugugin nan sai na ɗaga kai. Tunda mutane suka gane ina da littafin da nake rubuta lambobin jirage a ciki tambayoyi suke ta zuwa, a shago, a ƙofar masallaci, a WhatsApp, shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya in amsa.

Malam, wai mene ne kallon jirgin nan, kuma me ake samu a ciki?

Ba a samun ko sisi. Sha'awa ce, kamar yadda wani yake kiwon tattabaru ya san kowace da sunanta da irin tashinta, ko wanda ya haddace 'yan ƙwallon Kano Pillars tun na da. Mai kallon jirgi yana tsayawa inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa, ya gane samfurin jirgin, ya gane na wane kamfani ne, ya rubuta lambarsa, in da hali ya ɗauki hoto. A Turai da Amurka abin ya daɗe, har wasu filayen jirgi kamar Schiphol na ƙasar Holan sun ware musu wurin tsayuwa da wurin ajiye mota. Mu nan kuwa muna da jiragen, muna da tarihin, tun 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano, amma masu rubutawa ne ba mu da su sosai, kuma wannan shi ne abin da yake damuna, domin jirage suna ɓacewa daga samanmu ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya ce ga ranar da ya gan su na ƙarshe ba.

A ina ake tsayawa a Legas?

Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja titin sauka biyu gare shi a jere, duka sun miƙe daga arewa zuwa kudu. Mai tsawon, wanda ake kira 18R, ya kai mita 3,900, shi manyan jiragen ƙasashen waje suka fi amfani da shi, ɗayan kuma 18L yana ɓangaren jiragen cikin gida. Lamba 18 ɗin nan ba haka kawai aka sa ta ba, tana nufin digiri 180 ne, wato jirgin yana fuskantar kudu. Jirgi kuwa ya fi son ya sauka ya kuma tashi yana fuskantar iska, iskar Legas kuma yawancin shekara daga wajen teku take busowa, to shi ya sa za ka ga masu sauka suna gangarowa ta arewa, ta kan Iju da Agege, tayoyi a waje, fitilu a kunne, masu tashi kuma su bi ta kan Mafoluku da Oshodi da Ajao Estate.

Wato mu mutanen Agege Allah ya ajiye mu a kan hanya. Ba sai ka je kusa da katangar fili ba, kuma ma kar ka je. Saman bene na wani da ka sani, da izininsa, ya fi ko'ina. Ni saman gidan wani abokin mahaifina nake hawa, inda tankin ruwa yake, daga nan in jirgi ya fito daga arewa sai ka fara ganin ɗigon fitila kamar tauraro ya tsaya cak, ya yi ta girma, ya yi ta girma, sai ka ga fuka-fukai sun bayyana, kafin ka ankara yana kanka kana ƙirga tayoyinsa, inuwarsa ta bi ta kan rufin kwano ta wuce.

Ba za a kama mutum ba kuwa?

Za a iya fa, kar kowa ya ruɗe ka. Filin jirgi wurin tsaro ne, ga barikin sojan sama nan Ikeja maƙwabtaka da shi, kuma ƙasarmu ta sha fama da matsalar tsaro, don haka jami'in da ya ga mutum ya saita kamara wajen katanga yana da hujjar tambaya. Ko a Turai ma an yi, a 2001 an kama wasu Turawan Ingila 12 da 'yan Holan 2 masu wannan sha'awa a Kalamata ta ƙasar Girka, aka tuhume su da leƙen asiri saboda rubuta lambobin jiragen soja, sai da aka sha shari'a kafin aka wanke su.

Ni an taɓa tsayar da ni sau ɗaya a bakin titi, wani jami'i ya ce "Oga me kake ɗauka?", na gaishe shi, na miƙa masa katin shaidata da littafin, na buɗe masa hotunan ya gani da idonsa, ya jujjuya shafukan ya ce in bar wurin, na ce to yallaɓai na gode, na tafi, kuma ban sake tsayawa nan ba. Ka riƙa yawo da katin ɗan ƙasa, kar ka ɗauki jirgin soja ko shingen jami'ai, kar ka yi gardama. Abu biyu kuma da ko a mafarki kar ka yi: tayar da ɗan ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai kamara a kusa da hanyar saukar jirgi, da haska wa jirgi fitilar leza. Rayukan mutane ɗaruruwa ne a ciki.

Sai da babbar kamara?

A'a. Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro sun isa a fara. Sai waya mai data, ka sauke manhajar Flightradar24, ita za ta nuna maka jirgin da ke tahowa, daga ina, samfurinsa, lambarsa, tsayin da yake, domin jiragen zamani suna watsa bayanin inda suke da kansu, wasu 'yan na'urori a ƙasa suna kamawa. Amma shawarata ka fara canka da idonka tukuna, sannan ka duba waya ka ga ko ka dace, ta haka ido yake koyo. In kana son hoto, rana ta kasance a bayanka, da safe ka tsaya gabashin hanyar jirgin, da yamma ka koma yamma.

Damina ko hunturu?

Damina, bayan an ɗauke ruwa, sama ta wanku tas. In hazo ya sauko a Disamba da Janairu sai dai ka ji ƙara, jirgin kuma ya fito kamar inuwa.

Ta yaya kuke gane jirgi daga ƙasa, ni duk iri ɗaya nake ganinsu?

Haka kowa yake cewa da farko, kamar yadda baƙo a kara yake ganin shanu duk ɗaya ne alhali dillali daga nesa zai ce maka wannan bunaji ne wannan bokolo. Fara da injin: nawa ne, kuma a ina suke. In ka ga farfela biyu a fuka-fuki na sama, ATR ne ko Dash 8. In injin biyu suna can baya manne da jiki kusa da jela, to CRJ ne ko ƙaramin Embraer 145. In biyu ne a ƙarƙashin fiffike kuma jirgin matsakaici, yawanci Boeing 737 ne ko Airbus A320 ko Embraer manya, 737 hancinsa ya fi tsini, kuma da yawansu ƙasan injin ɗin a ɗan baje yake ba zagaye sosai ba, A320 kuwa hancinsa a dunƙule.

A manya kuma, Boeing 777 ka ƙirga tayoyi, shida-shida ne a kowane gefe. Boeing 787 bayan murfin injinsa yana da yanka-yanka kamar haƙoran zarto. Airbus A350 kuwa gilashin ɗakin matuƙansa an zagaye shi da baƙi kamar ya sha kwalli, da ka gan shi sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Injin huɗu da doguwar jiki siririya, A340 ne. Injin huɗu da tozo a ka, wannan ko yaro ya san shi, jumbo ne, Boeing 747.

Wannan lambar da ke jikin jirgi ta mece ce?

Rajistarsa ce, kamar lambar mota, tana can baya kusa da jela, wani lokaci har ƙarƙashin fiffike. Farkonta yana gaya maka ƙasar da aka yi masa rajista: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana, ET Habasha, G Ingila, D Jamus, F Faransa, N Amurka, HZ Saudiyya, A6 Daular Larabawa, TC Turkiyya. Shi ya sa wani lokaci za ka ga jirgi da fentin kamfanin Najeriya amma lambarsa ta wata ƙasa ce, to wannan hayarsa aka yi, sau da yawa har da matuƙansa. Daɗin abin shi ne da lambar nan za ka iya bin rayuwar jirgi gaba ɗaya a intanet, shekarar da aka ƙera shi, wa ya fara sayensa, hannu nawa ya bi kafin ya zo mana.

Ina jumbo mai tozon nan ya shiga ne, mun daina ganinsa?

Wallahi wannan tambayar ita ta fi taɓa ni. Boeing 747 ya fara tashi ranar 9 ga Fabrairu 1969, ya fara ɗaukar fasinja a 1970 da kamfanin Pan Am, kuma sai da aka ƙera guda 1,574 kafin aka rufe, na ƙarshe aka miƙa shi ga kamfanin dakon kaya na Atlas Air a ƙarshen Janairu 2023. Shekara da shekaru British Airways da shi yake zuwa Legas daga Landan, da yamma in ya gangaro ta kan Agege ko ba ka duba agogo ba ka san lokaci. Air France ya ajiye nasa a 2016, United da Delta na Amurka a 2017, sai korona ta zo a 2020 ta ƙarasa aikin, KLM da Qantas da Virgin Atlantic duk suka ajiye, British Airways ya sanar a Yulin 2020 cewa duka 31 ɗin da suka rage masa ba za su dawo ba. Babu wanda ya zo ya ce mana yau ce rana ta ƙarshe, kulle aka yi, aka buɗe, sai muka ga wani jirgin ne daban yake zuwa.

Mu Hausawa kuma alaƙarmu da jumbo ta wuce ta Landan, jirgin alhazai ne. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Dankabo da 747 ya yi ta jigilar maniyyata, daga baya Max Air na Alhaji Dahiru Mangal shi ma haka. Shekarar da kakata ta sauke farali ina ɗan firamare, muka raka ta sansanin alhazai, da za ta shiga ta kama kunnena ta ce "ɗan nan ka yi wa uwarka biyayya, in ban dawo ba ka yi min addu'a", muka koma gida, da daddare duk jirgin da ya yi ƙara sai in fito tsakar gida da gudu in ce ga Hajiya can. Da ta dawo da haƙorin Makka da jarkar zamzam labarin da ta fi bayarwa shi ne jirgin da ke da bene a cikinsa, da matakala, mutum ya hau sama alhali yana sama.

To me ya sa ake yi wa jirgi ritaya, tsufa ne kawai?

Yawanci lissafin kuɗi ne, ba wai jirgin ya kasa tashi ba. Na farko mai. Injin huɗu baki huɗu ne, kowanne yana sha, kowanne yana son gyara. Da can dole ce ta sa ake yin injin uku ko huɗu, domin doka ba ta barin mai injin biyu ya yi nisa da filin da zai iya sauka in ɗaya ya mutu, amma da injina suka ƙara inganci aka sassauta, sai ga 777 da A330 da 787 da A350 suna tsallake teku da injin biyu, suna ɗaukar mutane kusan daidai da na jumbo da mai kaɗan. Daga nan kasuwar masu huɗu ta mutu. A340 an daina ƙera shi a 2011. A380 mai bene biyu daga kai har jela, wanda ya fara aiki a 2007, guda 251 kacal aka miƙa, na ƙarshe ga Emirates a Disamba 2021, wasu ma an farfasa su ba su wuce shekara goma da 'yan kai ba.

Na biyu, babban sabis. Jirgi yana da sabis hawa-hawa, mafi girma shi ne wanda ake kira D, duk bayan shekara 6 zuwa 10, a kwance shi kusan gaba ɗaya, kujeru, bene, wayoyi, wani lokaci har fenti a kankare don a duba ƙarfen, ya yi wata ɗaya ko biyu a gareji ba ya kawo ko kwabo, kuɗin kuma miliyoyin dala. In jirgi ya kai shekara ashirin da wani abu sai mai shi ya zauna ya buga, kuɗin sabis ɗin ya fi abin da jirgin zai yi a kasuwa, sai ya ce a kai shi a cire kayan. Duk mai tsohuwar mota da bakanike ya taɓa ce wa "Alhaji gara ka sayar" ya san wannan lissafin.

Na uku, sawu. Masu gyaran jirgi ba shekara kaɗai suke ƙirgawa ba, suna ƙirga awannin tashi da kuma sawu nawa ya yi, wato tashi ɗaya da sauka ɗaya. Duk sanda jirgi ya hau sama ana cusa iska a cikinsa don mutane su iya numfashi, jikin ya ɗan kumbura, in ya sauko ya koma, kamar ka yi ta lanƙwasa waya kana miƙewa, wata rana sai ta tsage. A 1988 wani 737 na Aloha Airlines a Hawaii, wanda ya yi sawu kusan 90,000 saboda gajerun tafiye-tafiye tsakanin tsibirai, rufinsa ya yaye a sama, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, matuƙan suka samu suka sauke shi. Tun daga nan aka tsaurara binciken tsofaffin jirage. Kaga kenan jirgin da ke zirga-zirgar Legas zuwa Abuja sau da yawa a rana ya fi saurin gajiya a kan wanda ke tafiya ɗaya doguwa.

Sai dokar rage ƙarar injin jirgi a Turai da Amurka, wadda ta kori irin su 727 da BAC 1-11, da kuma albashi, domin 727 da DC-10 da tsohon 747 mutum uku suke buƙata a gaba, matuƙa biyu da injiniya, na yanzu kuwa biyu ne.

Ni dai gaskiya tsoron tsohon jirgi nake yi. Ba su ne suke faɗuwa ba?

Hajiya tsoronki yana da tushe, ba zan raina shi ba. Ranar 4 ga Mayu 2002 wani BAC 1-11 da ya tashi daga Kano zai zo Legas ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu, bayan nan gwamnati ta dakatar da wannan samfurin ta kuma kawo dokar shekara 22 a kan tsufan jirage. A 2005 da 2006 aka yi ta rashi a jere, har da wanda ya ci ran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, 737 ne tsohon yayi. Mu nan kuma ba ma manta Lahadin 3 ga Yuni 2012, da MD-83 daga Abuja ya faɗi a Iju-Ishaga, nan bayanmu, duka mutum 153 da ke ciki suka rasu, da wasu a ƙasa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Amma in kika bi rahotannin bincike za ki ga ba shekarun ne kaɗai ba. Na Iju, rahoton ya nuna injin ɗaya ya fara ba da matsala tun da sauran tafiya, ba a sauka a fili mafi kusa ba, har na biyun ya bi. Na alhazan Sakkwato da ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991, mutum 261, DC-8 ne, kuma asalin abin taya ce da iskarta ba ta cika ba, ta fashe ta kama wuta. A ɗaya gefen kuma jirgin Habasha da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi, 737 MAX ne sabo fil, wata huɗu da fitowa daga kamfani. Ni abin da na yarda da shi, tsohon jirgi a hannun mai tsoron Allah da ke kashe masa kuɗi, da hukumar da ba ta kau da kai, lafiyarsa ƙalau, sai dai kuɗin kula da shi yana ƙaruwa kowace shekara, kuma a daidai nan ne mai ƙaramin jari yake fara jinkirta gyara.

Me ya sa kamfanoninmu suka fi sayen na hannu?

Dala. Sabon jirgi kuɗinsa ya kai dala miliyan gommai, bankunanmu kuɗin ruwansu ya yi yawa, inshora da dala, kayan gyara da dala, yawancin manyan sabis a waje, tikiti kuma da naira ake sayarwa. To sai a tafi ga tokumbo, wanda Bature ya gama mora, yadda Azman na Kano ya sayo A340-600 da Virgin Atlantic ya ajiye. Amma abin ya fara canzawa, Air Peace ya karɓi sababbin Embraer E195-E2 daga kamfani tun 2021, Ibom Air ya kawo A220, Aero Contractors kuma yana yi wa 737 sabis ɗin C, wanda ke bin D a girma, a nan Legas maimakon a kai waje. In ka ji E2 ko A220 yana wucewa ta kanka za ka san zamani ya juya, ko hira ba ka katsewa.

In an yi masa ritaya ina ake kai shi?

Hamada. Laima ita ce abokiyar gabar ƙarfe, shi ya sa ake nemar musu busasshen wuri: Mojave da Victorville a Kalifoniya, Marana a Arizona, Roswell a New Mexico, Teruel a Sifen, Alice Springs a Ostireliya. A toshe bakin injin, a rufe tagogi, a jera su ɗaruruwa. Wasu suna dawowa aiki in kasuwa ta buɗe, kamar yadda Lufthansa ya dawo da wasu A380 ɗinsa bayan korona. Wasu a cire kujeru, a yanka musu babbar ƙofa a gefe, su koma dakon kaya su ƙara shekaru. Sauran kuwa yanka ne, kuma kamar sa ne a mahauta, ba abin da ake zubarwa: injin shi ne ya fi komai tsada, sai ƙafafun sauka da na'urorin ɗakin matuƙa, duk a gwada su a ba su takarda a sayar wa masu irin jirgin, ragowar alminiyam ɗin a narke.

Su kuma waɗanda muke hangowa a yashe a gefen filin Legas fa?

Waɗannan su ne suke sa ni baƙin ciki. Yawancinsu na kamfanonin da suka durƙushe ne, ko shari'a ta riƙe, ko bashi, ba ajiye su aka yi ba, barinsu aka yi, kuma iskar Legas mai gishiri da ruwan sama ba sa raga wa komai, fenti ya koɗe, gansakuka ta hau, ciyawa ta rufe tayoyi. A 2013 hukumar FAAN mai kula da filayen jirgin sama ta sa an kwashe da yawa an yayyanka su. Wani ɗan'uwanmu mai sana'ar gwangwan ya taɓa cewa da ni "ai Malam alminiyam ɗin jirgi kilo ne kawai", kuma gaskiyarsa ta fuskar sana'a, amma da an ɗauki ko guda ɗaya an gyara shi an ajiye inda 'yan makaranta za su shiga su zauna a kujerar matuƙi, da ya fi kilo daraja nesa ba kusa ba.

Wanne ka fi kewa?

Nigeria Airways, kore da fari, da tambarin giwa mai fuka-fuki. An kafa shi a 1958, ya tsaya a 2003. Mutane da yawa ba su san cewa DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya, na 446, kamfanin nan aka miƙa wa a 1989 ba, jirgin nan mai injin na uku da ya ratsa ta gindin jela. Sai 727 na Chanchangi da ke zirga-zirgar Kaduna da Legas, injin uku duk a baya, in ya tashi yana barin baƙin hayaƙi a bayansa, ƙararsa kuwa har a ƙirji kake jin ta, kwanukan kicin suna amsawa. Da BAC 1-11 na Okada Air. Duk sun wuce, ba a nan kaɗai ba: DC-10 ya ɗauki fasinjansa na ƙarshe a 2014 da kamfanin Biman na Bangladesh, MD-11 shi ma a 2014 da KLM, 727 kuma a Iran a farkon 2019. Kawuna da ya yi aikin dakon jakunkuna a filin nan tun ana sabon ginin 1979, yanzu idonsa ya yi rauni, amma in muna zaune a tabarma bayan magariba jirgi ya wuce sai ya karkata kunne ya ce "ɗana, waɗannan na yanzu ba su da murya."

To yanzu mun makara kenan, ko akwai sauran abin gani?

Akwai, amma a hanzarta. Jumbo bai ƙare ba, Lufthansa da Korean Air da Air China suna ɗaukar fasinja da shi har yanzu a wasu hanyoyin, na dakon kaya kuwa irin na Cargolux suna shigowa Legas, za ka gane su da rashin jerin tagogi a jiki. Tsofaffin 737 samfurin 300 da 400 da 500 ma suna nan a cikin gida, kuma su ne na gaba a layi, in shekaru kaɗan suka wuce za a neme su a rasa. Lokacin aikin hajji ka sa ido sosai, nan ne baƙin jirage na haya suke bayyana waɗanda ba ka ganinsu sauran shekara.

In za ka fara, ka ja layi biyar a shafin farko: kwanan wata, lokaci, kamfani, samfuri, lamba, ka bar ɗan fili a gefe na abin da ka lura, ko sabon fenti ne, ko an yi ruwa, ko wa kuke tare. Ka tafi da ruwan sha da hula, ka gaya wa mai gidan sanda za ka hau da sanda za ka sauko, in yaran gidan sun biyo ka kar ka kore su, ka dai riƙe hannun ƙananan nesa da bakin bene. Tsakanin la'asar da magariba ya fi, lokacin manya-manyan suke fara jerowa daga arewa.